Gafarar da na yi saurin nema

Da gwiwata ta goce a bakin rijiya, ni kaɗai na yanke cewa aiki za a yi mini a Tasawa. Har ina hango kaina kan farin gado, ana yi mini fifita, romon kaza na shigowa kwano-kwano. Na bi gida-gida ina neman gafara, har na gaya wa maƙwabciyata Inna Hajo cewa zabuwarta da ta ɓata bara, ba muzuru ba ne, tukunyata ce.

Likita ya ce, "Guringuntsi ne ya ɗan tsage, ba sai an yanka ba. Koma gida ki riƙa motsa ƙafar."

Har yau, in ina ɗaga ƙafa bisa tabarma, Inna Hajo kan leƙo ta darni: "Sannu, muzuru, ya jiki?"