Nomau da Man Juyen Motar Tsere

A garinmu akwai wani gida mai mutum uku: Inna Kulu, da babban ɗanta Sallau direba, da ƙaninsa Nomau. Nomau ya haura talatin, ga ƙarfi ga biyayya, amma fa abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Sallau kuwa tseren mota ya shiga jininsa. Bijimansa biyu ya sayar, Gambo bakanike ya sauke injin jar motarsa, ya sa sabon fistin da ringi. Gari ya ɗauka, kowa na jiran tseren Asabar. Abu ɗaya ya rage, man juye. Gambo ya ce in aka zuba marar kyau, sabon inji bugawa zai yi, an yi asarar bijimai ke nan.

Wata rana Sallau zai fita, ya ce, "Nomau, kada ka bar kowa ya taɓa motar nan." Nomau ya ɗauko gora ya tsaya. Gambo ya zo ɗaure noti, ya sha gora a gwiwa. Shi kansa Sallau da ya dawo, bai tsira ba.

"Kai, ni ne fa!"

"Kowa ka ce, Yaya."

Sai da Inna ta fito da muciya aka samu shiga.

Wata rana Sallau ya ce, "Je ka tasha, ka tambayi duk wanda ya san mota wane mai ya fi." To, wa ne ne bai san mota ba a tasha? Nomau ya bi direbobi, ya bi 'yan kamasho, ya bi fasinja har da mai tallan ƙwai. Wannan ya ce mai kauri, wancan ya ce mai tsinkewa. Kansa ya ɗaure, sai kawai ya cika bas da su ya kawo gida. Ranar nan musu har la'asar, tuwon Inna kuwa ko ƙanzo bai saura ba.

Wata rana, Juma'ar jajibirin tsere, Sallau ya shigo yana rawar jiki da galan mai ƙyalli, wanda ya saya a hannun wani mai yawo da kaya a but ɗin motarsa. Murna ta hana shi zama. Gambo na ƙarƙashin mota, ya ɗaga murya, "Nomau, duba man nan da kyau, har ƙasa." Shi kwanan watan da ke gindin galan yake nufi. Nomau ya fasa murfi, ya jawo farin daron Inna, ya tuttule man duka a ciki, ya durƙusa yana leƙe.

Sallau ya yi kansa, idonsa ya rufe don fushi. Gambo ya fito ya riƙe shi, ya tsoma hannu a daron, ya murza yatsu. Tsaki-tsakin ƙarfe da yashi suka fito baƙi ƙirin. Ashe tsohon mai ne aka ɗura a sabon galan aka liƙe.

"Da wannan ya shiga," in ji Gambo, "ko ƙofar gari ba ka kaiwa."

Sallau ya zauna a ƙasa, tsoro da farin ciki suka haɗe masa. Nomau ya ɗago daron a hankali.

"In zuba a inji, Yaya? Ko ɗigo ban zubar ba."

Mutum uku, Sallau da Gambo da Inna da ta leƙo, suka riƙe hannunsa a lokaci guda.