Ranar da Kowa Ya Zama Malam Buba

A shekarar da taki ya gagari talaka, ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu a Boɗinga ta samu kaso mai rahusa. Ni kuwa na dawo daga Sakkwato da ilimin rubuta manhaja, ina jin babu kamata. Na ce wa shugaba a bar yawon sanarwa a kan babur, zan tura wa kowa saƙon waya da sunansa.

Har yau ina tuna layin rubutun manhajar da ya kashe ni. A manhajar, duk manoma suna ƙarƙashin aji guda, wato rukuni ɗaya. Maimakon in ba kowane mutum gurbin sunansa, sai na ɗora gurbin a kan ajin, na kowa da kowa, na cusa shi cikin saƙon. Kowane sabon suna sai ya goge wanda ya riga shi shiga. Na ƙarshe a jerin shi ne Malam Buba na Dingyaɗi, dattijon da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba.

Ban gwada ba, don a ganina gwaji na masu shakka ne.

Kowa ya karanta cewa, "Malam Buba, takinka ya iso." Kafin azahar an cika ƙofar gidansa, ana cewa an yi son kai. Ya kira ni ya ce: "Ɗana, mi na yi maka?"

Kwana uku na yi ina bin ƙauyuka a kan babur ina wanke shi. Ya yafe mini, amma kasuwa ba ta yafe ba. Har yanzu in na shiga sai a ce, "Malam Buba, takinka ya iso?" Kwanan nan na fara amsawa.