Akuyar da Ban Taɓa Saye Ba

Da abokan aiki suka ce za mu hau dutsen Bagazam, na ce ɗan ƙasar Kurfai irina ba ya tsoron dutse. Na fara shiri: kowace safiya in goya jakar tsakuwa, in hau tudun bayan Filinge ina haki.

Rannan wani dattijo makiyayi ya tare ni. "Yaro, mi ya ɓace maka?"

Na rasa yadda zan ce wahalar nake nema da gangan. Na ce, "Akuya, Baba."

Kafin azahar unguwa ta bazu bisa tudu ana cigiya. Aka tambayi launinta, na ce ja. Matata ta ce, "Mu da ba mu da ko kaza?"

Bagazam dai gwiwa ta hana ni zuwa. Amma har yau in na shiga kasuwa sai a ce, "Malam, jar nan ta haihu?"