Sulhun Bindigar Kaka

Wani ne a ƙauyenmu na bakin tafkin Lanao, can ƙasar Filifin. Da aka zo rabon gadon kakansa, wannan ya kama gona, wancan ya kama kwalekwale, shi kuwa gogan naka ya rungume wata tsohuwar bindigar soja ya ce ta ishe shi. Dalilinsa ɗaya: Norhaya yake so, 'yar Haji Makabando. Kun dai san mu, kayan auren da babu bindiga a ciki ai ba su cika ba.

Ya saɓa ta sai gidan Haji. Tsohon ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya shinshina.

"'Yar gidan wa ce?"

"Norhaya? Ai taka ce, Bapa," in ji gogan. Bapa muke ce wa dattijo a wajenmu.

"Bindigar, sakarai! Mu ko kaza ba ma karɓa sai mun ji asalinta. Je ka binciko wa ya haife ta, wane yaƙi ta yi. Ran Juma'a ka zo ka faɗa a gaban jama'a, ka harba mu ji muryarta. In ba haka ba, ga ɗan mai shagon tagulla can yana jira da tasa sabuwa fil."

A hanya gogan ya ce bari ya gwada. Ya auna kwakwa a saman bishiya, ya ja kunama. Tulun maƙwabciyarsa da ke can hannun hagu ya tarwatse, shi kuma ya tsinci kansa zaune a cikin gonar shinkafa, kafaɗa na zogi.

Washegari ya nufi garin Tugaya wajen Bapa Ampaso, tsohon maƙerin da duk bindigar yankin ta taɓa kwana a rumfarsa. Tsohon ya warware ta a kan tabarma yana ɗaga sassan ɗaya bayan ɗaya.

"Bututun nan na Amurka ne, tun yaƙin duniya na biyu, ga tambarinsu. Kunamar kuwa ta Japan ce, goge ta aka yi da zarto har ta shiga. Ƙotar, filafilin kwalekwalen kakanka ne, ni na sassaƙa ta da hannuna."

"Tsaya, Bapa. Amurka da Japan, ba su ne suka gwabza ba?"

"Su ne."

"Shi ne aka haɗa su wuri ɗaya shekara da shekaru? Ba a zauna ba, ba a ba da haƙuri ba, ko zakara ba a yanka ba?"

"Yaro, ƙarfe ne fa."

"Ai ƙarfe ya fi kowa riƙo! Shi ya sa kunama ta ce gabas, bututu ya ce yamma, ni da ke tsakiya na sha naushi. Wannan gaba ce, Bapa, irin tamu, wadda jika ke biyan abin da kaka ya yi."

Ya tattara sassan ya kama hanyar gida. A mota ma gogan bai yarda bututu da kunama sun zauna tare ba. Bututu ya ba direba ya riƙe a gaba, kunama tana aljihunsa a kujerar ƙarshe.

Ran Alhamis ya kayar da akuyar da yake kiwo domin walimar aurensa, ya gayyaci dattawan unguwa zaman sulhu. Dattawan sun san hauka ne. Amma sun kuma ji ƙamshin akuya, don haka ba wanda ya makara. Aka shimfiɗa wa bututu tabarma a dama, aka ɗora kunama a kan matashi a hagu, aka jingine ƙota a tsakiya a matsayin shaida.

Wani dattijo ya tsaya wa Amurka, wani ya tsaya wa Japan. Da wasa aka fara.

"Ku kuka fara tsokana!"

"Mu? Wa ya aike ku ƙasar mutane?"

"Ka ji shi! Kai da tun bara shanunka ke cinye min shuka!"

Kafin ka ce me, Amurka ta cakumi wuyan Japan, huluna sun faɗi, sai da mutum huɗu suka shiga tsakani. Gogan har da ƙwalla, yana cewa, "Kun gani ko? Abin ya yi zurfi!"

Da ƙyar aka sasanta. To, sulhu a wajenmu ba ya ƙulluwa sai masu gabar sun ci a tire ɗaya. Gogan ya ɗebo shinkafa mai danƙo da yajin palapa ya riƙa ɗura wa bututu, yana dannawa da sanda.

"Amurka akwai ci," in ji shi, ya ƙara mata loma.

Kunama ba ta da baki, sai ya tsoma ta a romo ya bar ta ta jiƙu. Ya mayar da komai mazauninsa, ya kwana da murna.

Ran Juma'a bayan masallaci, ƙofar gidan Haji ta cika maƙil. Norhaya na leƙe ta bayan labule. Ɗan mai tagulla na gefe yana goge tasa da hankici. Gogan ya miƙe ya gyara murya.

"Ta wajen uba Ba'amurkiya ce. Ta wajen uwa Bajapaniya. Kawunta filafili, ɗan asalin tafkin nan, kowa ya san gidansu."

Haji ya gyaɗa kai. "Asali ya yi. Harba."

Ya ɗaga ta sama ya ja kunama. Ƙas! Shiru. Ya sake ja. Ƙas! Tururuwa suka fara fitowa daga bakinta a jere, kowace da ƙwayar shinkafa a ka. Labulen Norhaya ya sauka. Ɗan mai tagulla ya yi tari.

Haji ya miƙe.

"Kai! Bebiyar bindiga za ka kawo min a kan 'yata? Ko tari ba ta yi!"

Gogan ya rungume abarsa yana shafa ta.

"Haba Bapa! Akuya sukutum na yanka kafin Amurka da Japan su yi shiru. In rigima kake son ji, ka bari a ɗaura auren mana!"