Gidan da Na Saya da Bazara

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a cikin gari cewa yake gidaje za su yi tsada. Ni kuwa ga takardar sakandare, ga kuɗin adashi a hannu, sai na ga ba da ni za a yi zaman kallo ba. Na haɗa da 'yan kunnen zinaren da Inna ta bar min, na sayi wani gidan ƙasa mai ɗaki biyu a bayan Ƙofar Mata, da tsakiyar bazara.

Baba Sule, ƙanin mahaifina, ya ce, "'Yar nan, ba a sayen gida sai an gan shi da damina."

Na ce, "Baba, ai wannan lissafin mutanen da ne."

Wani malamin makaranta mai sabuwar amarya na ba haya. Har da nuna masa filin bayan gidan, ina cewa ga wurin shan iska. Ashe kududdufi ne ya ƙafe.

Cikin Agusta aka aiko in zo. Na tarar da ruwa har gwiwa, kwanukan amarya suna yawo a tsakar gida. Ina cikin ba su haƙuri katangar baya ta zube a gabana.

Malam ya kwashe kayansa, kwaɗi suka tare. Duk ranar da aka yi ruwa sai Baba Sule ya leƙo ya ce, "Hajiya mai gida, 'yan hayarki suna ta ƙorafi, wai a ƙara musu ɗaki."