Ta'aziyyar da na yi wa mai rai

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar yayata a Argungu ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin shekarata biyu da rasuwar maigidana. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, yarana duk sun tafi makarantar kwana, gida ya yi mini faɗi. In na dawo aiki sai in kunna rediyo don dai in ji muryar mutum. Wayata kuwa in ta yi ƙara, to kamfanin layi ne ke tallan waƙa.

Wata ranar Laraba ina gyaran shinkafa sai ga saƙo daga baƙuwar lamba: "Salamu alaikum ƙawata. Kin manta da ni ko? Kwana da yawa."

Mai hankali zai tambaya wa ke magana. Ni kuwa sai na rubuta: "Hadiza ce? Ta ajinmu a Argungu?" (Ku lura, ni da kaina na raɗa wa ɓarawo suna.) Amsa ta zo nan take: "Wallahi ni ce! Ashe kina tuna ni."

Na yi murna har na bar kaji suka samu shinkafar. Hadiza aminiyata ce a sakandare, gado ɗaya muke hawa mu ci ƙuli, amma tun da ta yi aure zumunci ya yanke, kusan shekara ashirin. Daga ranar kullum sai mun yi hira. Da safe ta ce, "Kin karya?" Da la'asar ta ce, "Ya gwiwar taki?" Ni ke kawo labarin da, ita kuma ta ce, "Ƙwarai, na tuna!" Ban taɓa lura cewa ba ta taɓa tuna komai da kanta ba. In na kira sai ta katse, wai lasifikar wayarta ta lalace. Na ba ta labarin kaɗaicina, na ba ta labarin hawan jinina, har gulmar shugabar makarantarmu na yi mata.

Bayan wata guda ta rubuto cewa mijinta, Alhaji mai sayar da albasa, ya yi hatsari a hanyar Gulma, ya rasu. Na yi kuka na gaske, don na san wannan ciwon. Na ce zan zo, ta ce tana takaba a ƙauyen danginsa, hanya ba kyau. Na tura mata abin sadaka. Bayan sati biyu na sake turawa, ba tare da ta ma gama roƙo ba.

Sai bikin nan ya zo. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon waina, sai na hango Hadiza zaune kan tabarma, ta ci ado da leshi ja, hannu ya sha lalle. Raina ya ɗan sosu, na ce wannan wace irin takaba ce? Amma tausayi ya rinjaye ni. Na ratsa mutane, na faɗa jikinta, na fashe da kuka da ƙarfi.

"Hadiza, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta!"

Mata suka juyo kanmu. Hadiza ta janye jiki tana kallona.

"Mi kic ce? Wane Alhaji?"

"Naki mana. Hatsarin hanyar Gulma."

Wata tsohuwa da ke gefenta ta saki kwanon waina ta dafe ƙirji tana salati. Uwar mijin ce. "Ɗana? Yanzu-yanzun ga ya aje mu ƙohwar gida!"

Aka ruga waje. Sai ga Alhaji ya leƙo zaure, lafiyarsa ƙalau, da tsiren da yake ci a hannu, yana tambayar wa ya rasu. Wata ta ce, "Kai ne, Alhaji." Da aka tabbatar tsohuwa ba ta suma ba, dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki.

Na miƙa wa Hadiza wayata. Ta duba lambar ta ce ba ta taɓa ganinta ba. Ta ci gaba da karanta saƙonnin, sai na ga dariyarta ta tsaya. Ta iso inda na rubuta cewa wani lokaci nakan yi kwana uku ba wanda ya tambaye ni ya nake. Wannan ya fi dariyar matan ƙona ni. Yayata ma ta karanta, ta kawar da kai.

Hadiza ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ko, da kin biɗe ni. Gidanmu na nan inda kis san shi."

Gaskiyarta. Birnin Kebbi zuwa Argungu ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, amma na zauna ina zuba wa wani ƙato sirrina.

Yanzu mukan yi waya da Hadiza ta gaske, da murya. Alhaji kuwa duk inda ya gan ni sai ya ce, "Malama, marigayi na gaishe ki." Abin da na koya shi ne, duk wanda ya ce in canki wa ke magana, sai in ce masa ban iya canka ba. In kuma kewar mutum ta dame ni, in shiga mota in je in gan shi da idona, kafin in yi wa iyalinsa ta'aziyya.