Ƙafar da Na Manta a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ranar da na nuna wa surukina bidiyon gonarsa. Mutumin tsohon alƙali ne, ba ya dariya sai da hujja. Ya damƙa mini gonar shinkafarsa ta Wamakko in kula da ita, ya ce idan ya ga ƙwazona zai ƙara mini da ta biyu. Ni kuwa gonar nan ta biyu har mafarkinta nake yi.

Don in burge shi, na ɗaure kyamara a jikin wani sanda, tana ɗaukar hoto ɗaya kullum bayan azahar. Nufina in jera hotunan su zama bidiyo, a ga shinkafa ta tsiro ta nuna cikin minti biyu.

Da na zo jera hotunan sai na ga abin da ban zata ba. Ashe inuwar mangwaron da nake kwanciya ta shiga cikin hoton. Wata huɗu cur, ga ni nan a kan tabarma, baki buɗe, kular abinci a gefe. (Matata Asma'u kuwa kullum tana faɗa wa gidansu irin wahalar da nake sha a rana.)

Mako uku na yi ina goge kaina a kwamfuta, hoto bayan hoto. Tun ina yi a tsanake har na koma yi da ka.

Ranar Juma'a muka taru a falonsa a unguwar Minanata, har da ƙannensa biyu. Na durƙusa na kunna. Shinkafa ta fara tashi, ana ta masha Allah, kaina na ƙara girma. Sai Baba Alƙali ya ce in mayar baya, in rage gudu.

A gefen hoton da ke talabijin, tabarma na ta rawa a gindin mangwaro ba kowa a kanta. Kula na buɗewa tana rufewa da kanta. Can kuma sai ga ƙafata ta hagu, ita kaɗai, yau ta miƙe, gobe ta lanƙwashe.

Ya gyara tabarau ya ce, "Wagga kula dai cikin kayan ɗakin ɗiyata take. Ga tabarma, ga ƙahwa guda. Ina sauran mutumen?"

Na ce, "Baba, yana nan durƙushe gabanka."

A ranar na fara ganin haƙoransa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce a sake kunnawa, sau uku. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Gona ta biyu dai ƙanen matata aka ba wa. Ni aka bar ni da kyamara, da sharaɗin in juya ta ta fuskanci mangwaron sosai. Abin da na koya shi ne, mutum ya yi barcinsa a bayan kyamara, in kuma ya zama dole ya goge kansa, to ya fara daga ƙasa.